Hayaƙi a Gindin Bangon Inna

Malumfashi,
16 ga Agusta, 1981.

Zuwa ga Yayana Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ce ta girmamawa daga ƙanwarka, tare da addu'ar wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Uwa da yara duka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ka a kan aikinka na jirgin ƙasa, ya sa ka gama da manyanka lafiya. Yaya aka sha ruwa, yaya kuma aka yi Sallah a Fatakwal? An ce ruwan samanku ba ya ɗaukewa dare da rana, to ka riƙa rufe ƙirjinka, don na san ka da tari tun muna yara. Mu a nan sai godiya. Damina ta yi kyau, an fara gasa ɗanyar masara a bakin tasha, dawa ta wuce tsayin mutum a wasu gonakin, auduga kuma ta soma fure. Ƙafar Gwaggo Lantana ta yi sauƙi har tana zuwa unguwa. Ɗan Hajo, wadda ke zaune da Inna tana kula da ita, ya yi baƙon dauro cikin azumi, ya ba mu tsoro, amma ya tashi, yanzu ba abin da yake bari a kwano.

Takardunka sun iso, kuma na ga faɗan da ka yi a ta ƙarshe cewa na yi shiru kamar an aike ni lahira. Ka yi haƙuri, da gangan na ƙi amsawa. Na san halinka, da na rubuta maka a tsakiyar abin, da ka bar aiki ka hau jirgi ka taho, ka zo ka ƙara mana zafin kai. Don haka bari in fara da abin da kake son ji: Inna tana nan Malumfashi, a cikin gidan da ka saya mata, lafiyarta ƙalau, jiya ma ta ci tuwo ta ƙara. To yanzu sai ka sauke numfashi, ka gyara zama, in ba ka labarin yadda muka kusa kwantar da mahaifiyarmu a gindin bangon da ba shi da komai a ciki sai ramuka.

Ka tuna amanar da ka bar mana lokacin da ka zo bara, cewa kada wata damina ta sake samun Inna a ɗakinta na Dayi. Ka ga ɗakin da idonka, ka ga ƙoren da Hajo take jerawa a ƙasa in hadari ya taso. Ga yanar idon nan da ke ƙaruwa, ga nisa da asibiti. Ka kuma san shekarun da muka yi muna roƙonta ta dawo gari tana ƙi. Da ta yarda a bana sai da ta kafa sharaɗi, ta ce ita ba za ta kwana ƙarƙashin kwano yana yi mata kiɗa a ka ba, ba kuma za ta hau gadon ƙarfe kamar majinyaciya ba. Soro take so, da gadon ƙasa irin nata, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa in sanyi ya kama ƙashi. Malam, maigidana, ya yi ta yawo har ya dace da gidan wani Alhaji Mudi, mutumin kirki, da zai koma Kafur ya kama noman gonakin gadonsu. Gidan bai da nisa da namu, akwai rijiya, kuma Alhaji ya ce akwai ɗaki a gabas mai gadon ƙasa. Da aka kai wa Inna wannan labari ta yi murmushi, ta ce to a yi.

A nan ne abin ya soma, kuma ina son ka ji shi da kyau don kai ma namiji ne, da kana nan da haka za ka yi. An yi ciniki a cikin bazara, a zauren Alhaji Mudi, gaban mai unguwa da shaidu. Alhaji ya sallama, aka shafa fatiha, aka raba goro. Malam ya dawo yana ta yabon gida: zaure mai faɗi, azara lafiyayya, ƙofar ƙarfe, katanga ta sha sabon yaɓe. Na ce masa to ɗakin Inna fa, yaya yake? Sai ya dube ni kamar na tambaye shi abin da ke cikin tukunyar maƙwabta. Ya ce ta ina zai gani, gida da matan aure a ciki, ga shi kuma Hansai, matar Alhaji, ta haihu tana jego, a cikin wannan ɗakin ma take wanka. Ashe duk mazan nan da suka taru, daga mai saye har shaidu, babu wanda ya wuce zaure. Sun zagaya ta waje sun ƙwanƙwasa katanga, sun leƙa sama sun ga indararo, shi ke nan suka sayi gida. Ban ga laifinsu ba, haka aka saba, amma raina bai kwanta ba.

Sai na ce ai barka ba ta buƙatar izinin mai unguwa. Na sayi sabulu da 'yar rigar jariri na tafi da hantsi. Yaya, gidan Hansai tsaf yake, ko tsinke ba ka gani a tsakar gida, don haka ban ga kashin ɓera ko ɗaya ba. Abin da na gani shi ne yadda mutanen gidan suke zaune. Kowace tukunya a madafa da dutse a kan murfinta. Kowace ragaya an huda gwangwani an zura a igiyarta, don kada wani abu ya biyo igiyar ya sauko. Sabulun da na kai, tun kafin in gama gaisuwa wata tsohuwa da ke yi wa Hansai wanka ta karɓe ta jefa a kwano ta rufe. Buhun gero yana rataye a azara kamar wanda ya yi laifi. Da babban yaron Hansai ya gama cin ɗumame, sai da aka wanke masa hannu da toka har gwiwar hannu, na ji tsohuwar tana cewa kada ya kwanta da ƙamshin miya a yatsu a gutsure masa. Ni dai na ci gaba da sa wa jariri albarka.

Duk da haka da abin ya tsaya nan, da na ce ɓeraye ne, a samo kyanwa. Abin da ya tsorata ni shi ne wutar gado. Ka san al'adarmu, ko zafi na kisa sai an hura wa mai jego wuta a ƙarƙashin gado. Ina zaune tsohuwar ta zuba garwashi ta ƙara itace, na shirya jin hayaƙi ya cika mini ido kamar yadda nawa jegon ya yi mini. Sai na ga hayaƙin bai fito ɗaki ba, ciki yake komawa, kamar akwai mai zuƙarsa ta baya. Na ce wa Hansai gadonta ya iya shan hayaƙi. Ta yi dariya ta ce ita ma ta yi mamaki, a haihuwarta ta baya kuka take yi saboda shi, bana kuwa ko tari ba ta yi. Da na fito ban bi hanyar da na zo ba, na zagaya ta lungun da ke bayan ɗakin. Wallahi Yaya, sai ga hayaƙi yana fitowa daga gindin bango siriri siriri, nan da can, tun daga kusurwa har kusurwa, ta ƙarƙashin sabon yaɓen nan da Malam yake yabo.

Ina tsaye ina kallo sai wata Bayarabiya da shagonta ya jingina da ƙarshen bangon ta leƙo. Mama Yetunde ake ce mata, mutuniyar Offa ce, amma ta daɗe a garin nan, 'ya'yanta duk nan ta haife su, Hausarsu ta fi tawa. Garin rogo da busasshen kifi take sayarwa. Ta ce in hayaƙin nake kallo in shigo in ga nata rabon. Na shiga, ta janye buhu, ga rami a ƙasa wanda hannuna zai shige, hayaƙi na fita. Ta ce tun ranar suna garin rogonta ke warin hayaƙi, masu saye har sun fara yi mata tsiya. Ta ce wannan ba aikin ɓera ba ne, gafiya ce, ta gan ta da idonta ta kai ɗan zomo, kuma daga gidan Alhaji take zuwa. Daga baya da na tambayi Hansai, ita ma ta rantse daga shagon Mama take zuwa. Ashe shekara da shekaru gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki a kan wannan magana.

Daga nan na wuce gida. Kai ma ka sani, ɓera ɓarnar abinci yake yi, gafiya kuwa gini take ci. In ta rarake gindin bango, ruwa ya samu hanya ya shiga, ƙasa ta jiƙa daga ciki, ba ya ba da sanarwa, zama kawai yake yi da duk abin da ke kansa. Ga shi bangon gabas ne, inda duk hadarin garin nan yake sauke fushinsa. Ga Inna da ba ta gani sosai, ba ta kuma iya tashi da sauri. Na faɗa wa Malam, sai muka kwashi 'yan kallo. Ya ce in nuna masa gidan ƙasa ɗaya a Malumfashi da ba ɓera. Ya ce an shafa fatiha gaban mutane, yanzu ya koma ya ce a buɗe masa ɗakin mai jego ya duba, ai ya ce wa Alhaji Mudi maha'inci ke nan, da wane ido zai sake kallonsa a masallaci? Na ce masa ni kuma da wane ido zan kalle ka, Yaya, in aka tono Inna daga cikin ƙasa. Na faɗi maganganu da dama a ranar, wasu ba na takarda ba ne. Shi ma kuma ba rashin tausayi ba ne, kunya ce ta ɗaure shi, kuma na san in aka fasa cinikin babu wani gida da za a samu kafin ruwa, Inna kuma ba za ta sake cewa to ba.

Da na ga faɗa ba zai yi ba sai na sauko. Washegari da la'asar, lokacin da na san ana hura wutar wankan yamma, na ce ya raka ni in duba wata mara lafiya, don ba na son bin lungu ni kaɗai. Ya san ƙarya nake yi, amma ya saka hularsa. Muka shiga lungun, ban ce masa uffan ba. Ya tsaya. Ya daɗe yana kallon hayaƙin, sa'an nan ya tsinci wani karan dawa ya tsokani inda yake fita. Yaɓen ya ɓurma kamar ɓawon ƙwai, karan ya shige duka bai taɓa komai ba. Ya tsuguna ya zura hannu, har kafaɗa. Da ya miƙe ban ga fuskar mai gardama ba, salati kawai yake yi. A hanyar komawa ya ce mini shi dai har yanzu ba zai iya buɗe baki ya ce wa Alhaji gidansa ruɓaɓɓe ne ba. Na ce ba sai ya buɗe baki ba, ni ma ai ban buɗe ba.

Haka kuwa ya yi. Kashegari bayan sallar la'asar ya riƙo hannun Alhaji Mudi suna hira, ya biyo da shi ta lungun kamar hanya ce ta kawo su. Malam ya ce mini Alhaji na ganin hayaƙin ya saki hannunsa, ya tambaya wane ɗaki ne wannan, alhali ya fi kowa sani. Bai yi maganar ciniki ba sam, abin da ya fara fita bakinsa shi ne matarsa da jaririnsa suna kwance a bayan wannan bango. Da gudu ya shiga gida, dattijo da shi, ya sa aka kwashe su zuwa ɗaya ɗakin a take, tsohuwar tana ta mita wai an raba mai jego da gadonta. Bawan Allah bai san komai ba. Hansai ta sha gaya masa ana motsi a bango, shi kuma yana cewa ɓeraye ne, ya kawo tarko. Yaɓen ma don ya mutunta mai saye ya sa aka yi, masu yaɓen suka bi ramukan suka shafe. Da magariba ya zo har zaurenmu ya ce in Malam yana so a warware cinikin a warware, ba zai riƙe shi a rai ba. Malam ya ce gida dai an saya, sai dai a haɗu a gyara. Alhaji ya ce tubalin da ya buga don ginin Kafur a kwaso, nasa ginin ya jira kaka. Na ji daɗin mutumin nan ƙwarai, har na ji kunyar abin da na raya a kansa.

Saura yadda magina za su shiga gida mai jego ba ta yi arba'in ba, ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Sai aka kafa zana a ƙofar ɗakin ta ciki, magina suka fasa bangon ta lungu, suka yi aikinsu duka daga waje, ba wanda ya taka tsakar gida. Ni da Mama Yetunde muna bakin shagonta muna kallo. Yaya, da aka buɗe gindin bangon sai da na yi salati. Sama lafiya lau, ƙasa kuwa hanyoyi ne sun sarƙe, wata ta bi ƙarƙashin gado, wata ta nufi madafa, wata ta shiga shago. Abin da ke riƙe da soron bai fi kaurin tafin hannu ba a wasu wuraren. Babban maginin ya ce ruwa mai ƙarfi ɗaya ya ishe shi. Gafiyoyin sun tsere tun da aka fara hura wuta, sai rumbunsu aka tarar, cike da gyaɗa, angurya, kan kifi, guntun sabulu, da cokali. Mama ta ce kan kifin nata ne, cokalin kuwa aka aika wa Hansai ta ce nata ne, ta daɗe tana zargin yara. Ranar ce Mama ta dafa farfesun kifi ta shiga barka, wata guda bayan suna.

An rushe bangon har ƙasa, an haƙa sabon tushe an jera dutse. Malam ya je Funtua ya auno siminti, aka bi gindin ɗakin da shi ciki da waje. Duk ramin da aka samu, har na shago, da na madafa wanda mu mata muka kula da shi, an cusa masa fasassun kwalabe da aka kwaɓa da ƙasa kafin a toshe. Gadon ma an fasa shi an sake gina wani, aka yi sabon daɓe. Malam ya so a zuba guba, ni kuwa na ƙi, saboda ɗan Hajo da ke kai komai baki zai zo gidan, ga kaji, ga kuma warin abin da zai mutu inda hannu ba ya kai. Mama Yetunde ta ɗaga buhunanta kan katako ta janye su daga jikin bango, ta kuma ba mu 'yar kyanwa, wadda zuwa yanzu ba abin da ta kama sai barci. Bayan su Alhaji sun tashi, na riƙa barbaɗa toka a gindin bango da yamma in dawo da safe in duba sawu. Da farko na ga na ƙananan ɓeraye wajen madafa, aka sa tarko, daga baya tokar ta riƙa kwana yadda na bar ta. Na ce to mun gama.

Ashe da sauran aiki. Ka san motocin kasuwar Dayi ba kaya kaɗai suke ɗauka ba. Kafin mu kai labari da bakinmu, an riga an kai wa Inna cewa gidan da ɗanta ya saya gafiyoyi sun cinye shi, har ya faɗi a kan mai jego. Hajo ta aiko cewa Inna ta kwance ƙunshin da ta ɗaure, ta ce ɗakinta yoyo kawai yake yi, bai taɓa yunƙurin kashe kowa ba. Na bar yara na hau mota. Na yi bayani har bakina ya bushe, tana jan tasbaha kamar ba da ita nake ba. Ruwa ya riga ya sauka, ina zaune ɗigo yana faɗo mini a kafaɗa. Daga ƙarshe na fashe da kuka, na ce to ni me zan rubuta wa Yaya? Nan ne ta ɗago. Ta ce za ta zo ta gani, gani kawai, kwana biyu ta komo. Ta ɗauki zane biyu da butarta da sandarta, ta hana Hajo taɓa sauran kayan.

Ana saura 'yan kwanaki azumi muka iso da ita. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta sa Hajo ta kai ta jikin bango, ta bi shi da tafin hannu tun daga ƙofa, tana ƙwanƙwasa gindinsa da sanda tana kasa kunne. Ta sa aka hura wuta a gadon, cikin wannan zafi, ta zauna a bakinsa. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, muka yi ta tari muna hawaye, ita kuwa ta ce haka gadon kirki yake yi. Ban taɓa jin daɗin hayaƙi irin na ranar ba. Amma ba ta ce ta zauna ba. Kullum na je gaishe ta sai ta ce jibi za ta koma, a nemo mata mota. A tsakiyar azumi aka yi wani ruwa da rana tsaka, da iska daga gabas, irin wanda ke kwantar da dawa. Katangu sun faɗi a unguwarmu. Na yafa buhu a ka na fita cikinsa da gudu, ban ko saka takalmi ba, na bi ta lungun tukuna. Bango na nan tsaye, ruwa na bin simintin yana wucewa. Na shiga na tarar da Inna a kan gado tana barcin azumi, Hajo na tsintar shinkafa, ƙasa a bushe. Na zauna a bakin ƙofa jiƙe sharkaf.

Ko bayan wannan ba ta daina zancen mota ba, har na fara sabawa da cewa bayan Sallah za mu sha wani daru. Ran nan, kwana kaɗan bayan Sallah, ta aiko a kira ni. Na tafi nan take. Na same ta zaune a bakin gado, ta ce in sa Malam ya je Dayi, ba don ya kai ta ba, ya ɗauko mata ƙaramin akwatin nan na gefen gadonta. Na ce wane akwati, me ke ciki? Ta ce likkafaninta ne, farin yadin da Baba ya wanko mata da zamzam shekarar da ya sauke farali. Ta ce tun da ta zo take saurare, ta kuma sa Hajo tana duba mata toka ba tare da na sani ba, don ita ba za ta ajiye wannan yadi inda haƙori zai taɓa shi ba. Yanzu ta yarda da ɗakin. Na ce haba Inna, wace irin magana ce wannan, ta ce magana ce ta wanda ya samu wurin zama, in daina ɓata fuska. Yaya, na yi kuka, amma rabona da jin sanyi a rai irin na wannan rana tun kafin bazara. An kawo akwatin shekaranjiya, ta sa an ajiye shi a ƙasa, a jikin bangon gabas.

Ka gaishe mini da Uwa da kyau, ka ce mata daddawa da kukar da ta roƙa suna nan na ɗaure, ina jiran mai zuwa. Ka shafa mini kan Dikko da Barira, ka ce su riƙe karatu. Malam yana gaishe ka, ya ce in gaya maka nan gaba ko akurkin kaji zai saya sai ya tura mace ta leƙa. Hajo da ɗanta, da Gwaggo Lantana, da Mama Yetunde da ba ta san ka ba, duk suna gaisuwa. Alhaji Mudi ya aiko daga Kafur a gaishe ka, in ka zo ya kamata ka je har can ka yi masa godiya. Inna ta ce Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ta ce kuma in ka samu hutun Babbar Sallah kada ka wuce Dayi, a Malumfashi za ka sauka, nan ne gida.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Rabi.